Tarin Fuka Mai Barci: Baƙo Magani Ya Ke Bukata, Ba Takardar Kora Ba

Kowace shekara, da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, samari daga jahohin Tawa, Maraɗi da Damagaram su kan ɗauki hanya. Mafi yawansu ci-rani su ke zuwa, su komo da faɗuwar ruwan fari. Waɗansu kuwa tafiyar ta kan yi nisa, har Faransa, Beljiyam, Ingila ko Amurka, wani don karatu, wani don neman abin kansa. A can ƙasashen Turawa, ba wuya wata rana takarda ta iske mutum daga likitan unguwa, ana gayyatarsa ya zo a auna jininsa sabo da tarin fuka. Ga shi lafiyarsa lau, ba ya tari, bai rame ba, yana aikinsa. Sai zuciya ta raya masa abu biyu: ko dai raini ne don launin fatarsa, ko kuwa tarko ne na a kore shi. Ya ninke takarda ya tura aljihu, shi ke nan.

Wannan mutum ya yi kuskure, amma tsoron nasa yana da dalili. Awon tarin fuka mai barci abu ne mai amfani ƙwarai ga baƙo da iyalinsa. Sai dai amfanin yana da sharaɗi uku: a yi shi a cikin unguwa ta hannun mutanen da baƙo ya amince da su, a raba shi da sha'anin ƴan sanda da takardun zama, kuma a raka mutum har ya shanye magani. In ɗaya ya faɗi cikin ukun nan, an yi asarar kuɗi, an kuma ɓata suna a banza.

Garwashi cikin toka

Ran 24 ga watan Maris na 1882, a birnin Barlin, likita Robert Koch ya bayyana cewa ya gano ƙwayar da ke kawo tarin fuka. Shi ya sa har yau a ke tunawa da wannan rana a duniya. Tun daga nan aka tabbata cutar ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba a kuma ɗaukarta a kwanon tuwo. Iska ke ɗauke da ita. Mai ciwo a huhu ya yi tari, ko atishawa, ko magana, ƙwayoyin su watsu a ɗaki, na kusa da shi ya shaƙa.

Amma ba duk wanda ya shaƙa ke kwantawa ba. Ga mafi yawan mutane, dakarun jiki su kan kewaye ƙwayar su gina mata katanga. Ta zauna shiru kamar garwashi cikin toka: babu hayaƙi, babu zafi, amma ba lalle ta mutu ba. Wannan shi ne tarin fuka mai barci. Mai shi ba majinyaci ba ne, kuma ba ya sa wa kowa, ko matarsa, ko ɗan da ya ke goyo a kafaɗa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu. Cikin mutum 100 irin waɗannan, tsakanin 5 da 10 ne ciwon zai tashi a kansu a tsawon rayuwa, kuma hatsarin ya fi yawa a shekarun farko bayan ɗauka.

Me ke tada ta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciwon sida, yunwa, ciwon sukari, shan taba, shan giya, ƙurar dutse da ta cika huhu, tsufa, duk suna tsaga katangar. Kowace katanga da ta faɗi, sabon majinyaci ke nan, kuma sabon mai watsa cuta. A shekarar 2023, bisa lissafin OMS, mutum miliyan 10 da dubu 800 suka kamu da ciwon, miliyan 1 da dubu 250 suka rasu.

Don me a ke neman baƙo?

A ƙasashen da suka yi arziki, yaɗuwar cutar tsakanin ƴan ƙasa ta ragu ƙwarai tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, sabo da gyaran gidaje, ƙoshi, da magunguna. Faransa ta kan ƙidaya majinyata kimanin dubu 5 a shekara. A Ingila, wajen uku cikin huɗu na masu ciwon, ko fiye, an haife su ne a wata ƙasa. A Amurka ma sun kai bakwai cikin goma, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na majinyatanta tsohuwar ƙwaya ce ta farka musu. Watau yawancinsu sun shigo da lafiyarsu, ciwo ya tashi bayan shekara ɗaya, ko uku, ko goma.

Nan ne dabarar tsaron iyaka ta gaza. Shekaru da yawa Ingila tana ɗaukar hoton ƙirjin baƙi a filayen jirgin sama na Landan, abin da a ke samu kuwa kaɗan ne. Daga 2012 ta koma neman a yi awon tun a ƙasar mutum, kafin a ba shi biza ta fiye da wata shida. Wannan yana kama wanda ciwo ya riga ya ci huhunsa. Garwashin da ke cikin toka kuwa hoto ba ya nuna shi.

Akwai kuma gaskiyar da masu ɗora wa baƙo laifi ba su cika faɗa ba. Zaman baƙunta kansa yana tada cutar. Wanda ya ƙetare hamada da ƙishi da yunwa, ya yi watanni a tsare cikin ɗakin da ba taga, sa'an nan ya sauka a ɗaki ɗaya da mutum goma, yana aikin dare cikin sanyi, yana ƙuntata cikinsa don ya aika gida, katangar jikinsa ba za ta daɗe ba. Wani ma a hanyar ya ɗauki ƙwayar. Bugu da ƙari, binciken da aka yi a Turai ya nuna ciwon baƙi ba ya cika tsallakawa zuwa ga ƴan ƙasa. Wanda ke fara shan wahala shi ne baƙon kansa, sai matarsa, ƴaƴansa, da abokan kwanansa. Sabo da haka awon nan kariya ce ga gidan baƙo kafin ya zama kariya ga kowa.

Yadda a ke awo da yadda a ke magani

Hanyar awo biyu ce. Ta farko tsohuwa ce, tana ɗauke da sunan likitan Faransa Charles Mantoux: a yi ƴar allura cikin fatar hannu, mutum ya komo bayan kwana biyu ko uku a auna kumburin. Aibinta biyu: mutane da yawa ba sa komowa, kuma allurar BCG ta kan ruɗa sakamako. Wannan allura, wadda Calmette da Guérin suka ƙirƙiro, aka fara ba jariri a 1921, ita ce mai barin tabo a hannun yaran Nijar. Tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, kamar wanda ke kama ƙwaƙwalwa, amma ba ta isa ta tsare huhun babba ba. Kada mai tabo ya ɗauka ya tsira. Hanya ta biyu ita ce awon jini: zuwa ɗaya, kuma BCG ba ta ruɗa shi, sai dai ya fi tsada.

Duk wanda awo ya nuna yana da ƙwayar, wajibi ne a yi masa tambayoyi, a ɗauki hoton ƙirjinsa, in da bukata a duba kakinsa, don a tabbata ciwon bai riga ya tashi ba. Dalili kuwa, maganin mai barci bai isa ya kashe wanda ya farka ba. In aka ba shi a inda bai dace ba, ƙwayar na iya koyon jure magani.

A dā, maganin isoniyazid kaɗai a ke sha, kullum, wata shida ko tara. Yanzu an taƙaita. Akwai isoniyazid da rifamfisin tare na wata uku, wanda aka fi amfani da shi a Ingila da Faransa. Akwai rifamfisin kaɗai na wata huɗu. Akwai isoniyazid da rifafentin sau ɗaya a mako har mako 12, akwai kuma na kullum wata ɗaya. Wanda ya sha har ƙarshe ya rage hatsarin tashin ciwo da kashi 60 zuwa 90 cikin 100.

A 2015 Ingila ta kafa tsari na ƙasa a yankunan da cutar ta fi yawa. Ana gayyatar duk mai shekara 16 zuwa 35 wanda ya shigo cikin shekara biyar da suka wuce, daga ƙasar da masu ciwon suka kai 150 cikin dubu 100 a shekara, ko daga Afirka kudu da Sahara. Nijeriya ta wuce wannan adadi. Nijar ba ta kai shi ba, amma ɗan Nijar yana ciki ta ƙofar ta biyu. A Faransa kuwa akwai cibiyoyin yaƙi da tarin fuka, waɗanda a ke kira CLAT, a sassan ƙasar, inda awo da magani kyauta ne ko mutum yana da takardu ko ba shi da su.

Abin da masu suka ke cewa

Akwai masu ganin wannan aiki bai dace ba, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa: cikin mutum 100 da za a ba magani, 90 ba za su taɓa kwantawa ba ko da ba su sha kome ba, kuma awon bai iya nuna wane ne zai faɗi. Ga shi maganin na iya taɓa hanta. Yaya za a sa mai lafiya cikin hatsari?

Haka ne. Shi ya sa ba a ce a auna kowa ba. An zaɓi matasa don hantarsu ta fi jure magani, an zaɓi sababbin zuwa don a kansu ciwon ya fi tashi. Shi ya sa kuma tilas ba ta da wuri a nan. Mai tarin fuka a huhu yana iya cutar da jama'a, hukuma na da ikon ta matsa masa ya yi jinya. Mai ƙwaya a barci ba ya cutar da kowa. Hakkinsa ne a gaya masa gaskiya da harshen da ya ke ji, ribar da hatsarin duka, sa'an nan ya zaɓa. A gaya masa fitsari zai yi ja-ja sabo da rifamfisin, wannan ba kome ba ne. A gaya masa in ido ya yi rawaya, ko amai ya tsananta, ya tsaida magani ya garzaya likita. A gaya masa ya bar giya. A gaya wa mace cewa rifamfisin na rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Wanda aka ɓoye wa waɗannan, ran da ya ga fitsarinsa ya sake launi zai zubar da magani, ya kuma gargaɗi mutum ashirin kada su je.

Inda aikin ke zubewa

Babbar matsalar ma ba a hanta ta ke ba. A hanya a ke rasa mutane. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa daga ƙasashe dabam-dabam, ya nuna cewa cikin mutum 100 da ya kamata su sha wannan magani, waɗanda ke kai ƙarshe ba su cika 20 ba. Wani bai amsa gayyata ba. Wani an auna shi bai komo jin sakamako ba. Wani an aike shi babban asibiti ɗaukar hoto, ya ga zai rasa ladan yini, ya fasa. Wani ya fara sha, da ya ga ba abin da ke damunsa sai ya bari. Ɗiban ruwa ne da kwando.

Taƙaita magani yana taimakawa. A gwajin da aka bayyana a 2011, wanda aka yi a Amurka, Kanada, Birazil da Sifen, kashi 82 cikin 100 na masu shan maganin mako 12 sun gama, alhali masu wata tara kashi 69 ne. Amma a lura: masu mako 12 a gaban ma'aikacin lafiya su ke haɗiye kowane kashi. Akwai wanda ke jiransu, wanda zai tambaya in ba su zo ba.

Wannan shi ne dalilin kai aikin cikin unguwa. A Newham, wata gunduma ta gabashin Landan mai yawan baƙi, wadda ta daɗe a sahun gaba wajen yawan tarin fuka a Ingila, an soma tun 2014 yin awo a ɗakin likitan unguwa, mutum ya karɓi maganinsa wurin mai kantin magani na kusa da gida. Binciken da ya biyo baya ya nuna adadin masu gamawa ya yi kusan daidai da na babban asibiti, kuɗin da aka kashe kuwa ya fi sauƙi. Bai warware kome da kome ba, amma ya nuna ba dole sai ƙwararren likitan huhu ba.

Kuma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ma'aikacin asibiti bai san inda sabon zuwa ke kwana ba. Sarkin zango ya sani, limamin masallaci ya sani, mai gidan abinci da shugabar adashin mata sun sani. Baƙon da ya ƙi takardar hukuma zai saurari dattijon garinsu in ya ce masa: ni ma an auna ni, na sha, ga ni. Tafinta guda mai jin Hausa, Zabarmanci ko Fulatanci ya fi tarin takardu da aka buga da harshen da mutum ba ya karantawa. Ranar awo kuwa a sa ta lokacin da ma'aikaci ke da sarari, bayan sallar Juma'a ko ran hutu.

Likita daban, ɗan sanda daban

Duk wannan zai rushe in baƙo ya yi zaton sunan da ya ba likita zai isa ofishin shige da fice. An ga misali a Ingila. A farkon 2017 wata yarjejeniya ta soma aiki wadda ta ba ma'aikatar cikin gida damar neman adireshin mutane daga rajistar masu jinya don bin sawun marasa takardu. Likitoci da ƴan majalisa suka yi ta suka, har gwamnati ta janye daga wannan hanya a 2018. Hujjarsu a fili ta ke: wanda ke tsoron kora ba ya zuwa asibiti sai an ɗauko shi a kwance, bayan ya yi watanni yana tari a cikin jama'a. Ƙasar da ta mai da awo abin kora ta koya wa mutane ɓoye cuta, ta kuma cuci ƴaƴanta da hannunta.

Ma'aikatan da ke sa hannu a yarjejeniyar aiki ko karatu da ƙasashen waje, da ofisoshin jakadanci, ya kamata su riƙe wannan: ƙwaya mai barci ba dalili ba ce na hana mutum biza, ko aiki, ko aure. Ya kamata a nemi a rubuta haka ƙarara.

Abin da ya shafi gida

Nijar ma mai masaukin baƙi ce. Ƴan gudun hijirar Mali sun shigo jahohin Tilaberi da Tawa daga 2012. Na arewa maso gabashin Nijeriya sun cika jahar Difa bayan haka. Daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka ƙetaro zuwa jahar Maraɗi. Ga waɗanda a ke korowa daga Aljeriya ta Asamaka, ga masu haƙar zinariya da suka kwarara Jado daga 2014, suna shaƙar ƙurar da ke raunana huhu.

Shin a auna dukansu kamar yadda a ke yi a Landan? Ba yanzu ba. Gidan da wuta ke ci ba a fara da tonon toka. Inda har yanzu akwai masu tari da ba a gano ba, aikin farko shi ne nemo su: duk wanda ya yi tari mako biyu a duba kakinsa, a ba shi maganin wata shida, wanda kyauta ne a ƙasar nan. Na biyu, a bi gidansa a duba waɗanda ke kwana da shi, musamman yara ƴan ƙasa da shekara biyar, a ba su maganin rigakafi. Haka kuma masu ciwon sida. Wannan shi ne jerin da OMS ta shimfiɗa. Abin da za a ɗauko daga can waje shi ne hali: a je wa mutane inda su ke, a sansani da zango da tasha, kada a tambayi takarda, kada a bambanta baƙo da ɗan gari, domin iskar ɗaki ba ta tambayar asali.

Duniya ma ba ta cika alkawarinta ba tukuna. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 an ɗauki niyyar ba mutum miliyan 30 maganin rigakafi kafin ƙarshen 2022, aka kai wajen rabi kawai. A 2023 aka sabunta alkawari da miliyan 45 kafin ƙarshen 2027. Irin wannan adadi ba ya cika a zauren taro. Gida gida a ke cika shi.

A nan waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci ke da babban rabo. Su ne masu karanta wa maƙwabta takarda, su ne a ke kira in saƙo ya zo daga ɗan da ke waje. In wani ya aiko cewa likitan Turawa ya ce yana da tarin fuka alhali ba ya tari, kada gida ya ruɗe, kada a ɓoye, kada a fasa baiko. A amsa masa cewa ya je, ya yi tambaya har ya gane, ya nemi tafinta in yana bukata, in ya yarda ya fara magani kuwa ya shanye shi duka. Wanda ya komo daga tafiya yana tari a kai shi likita tun da wuri. Rigakafi ya fi magani, kuma wata uku na haƙuri ya fi sauƙi bisa ganin ɗan da aka haifa a baƙunta ya ɗauki ciwo daga numfashin ubansa.

Allah ya ba da lafiya, ya komo da matafiya gida lami lafiya.